Idan mai gida ya sayar ya bar bashi: shawarwarin da aka bayar

A wata tattaunawa, an duba abin da mai sayen gida zai yi idan wanda ya sayar masa ya bar bashin haraji, ruwa ko lantarki. A jihohin Amurka irin su Jojiya, lauya ne ke kammala cinikin gida. Masu tattaunawar sun ce a fara tantance irin bashin. Harajin gida, da kuɗin ruwa a garuruwa da yawa, suna bin gidan ne, don haka lauya ya kamata ya gano su a binciken takardun mallaka, ya cire daga kuɗin mai sayarwa kafin ya miƙa masa. Kuɗin lantarki kuwa yawanci mai asusun ake bi.

Wata shawarar da na fi yarda da ita: sau da yawa lauyan na bankin da ya ba da rancen sayen gidan ne, ba naka ba, kai mai saye. Don haka ka nemi a riƙe wani kaso na kuɗin mai sayarwa har takardar ƙarshe ta kuɗin da ake bin gidan ta iso. In bashin ya ɓullo daga baya, duba inshorar mallakarka, wato wadda ke kare ka daga matsalolin da suka shafi mallakar gidan, ko ka kai ƙarar mai sayarwa ƙaramar kotu.