Shawarwarin fada kan enkoda mai fifiko

A fadar shayinmu ta Yamai, ɗaliban lantarki sun tattauna kan 74HC148, guntun lantarki da ake kira enkoda mai fifiko, wanda ke fitar da lambar ƙafar shigar da ta taso a rubuce da 0 da 1. Tushen ba gardama: ƙafafun shiga 8, na fita 3, in biyu suka taso tare babbar lamba ake ji. 5 da 2 suka haɗu, 2 ta yi shiru, kamar yaro gaban dattijo.

Juyin alama ne ya ci lokaci, har shayi ya huce. Da sifili guntun ke aiki, wato 0 ce alamar tasowa, don haka 5 na fitowa 010, ba 101 da aka saba rubuta ta ba. Wani ya ce a riƙa duba GS, ƙafar fita mai nuna ko wata shiga ta taso, ita ke raba shigar 0 da rashin kowa, tunda lamba ɗaya suke fitarwa. EI, ƙafar da ke kunna guntun, a kai ta ƙasa, wato sifili. Ƙafar shiga da ba ta aiki kuwa, a ɗaure ta ga wuta, kada ta yi lilo.