Stan Lee ne ya ƙirƙiri jaruman Marvel, ko sunansa ne ya fi fitowa?

Malam Sani: Kowa na cewa Stan Lee, marubuci a Marvel, kamfanin littattafan labaran zane na Amurka, shi ne ya ƙirƙiri Fantastic Four a 1961 da Spider-Man a 1962. Ban yarda ba. A lokacin Lee ba ya rubuta cikakken labari. Gundarin labarin yake ba mai zane, wani sa'in da baki kawai. Mai zane ya koma gida ya tsara shafi 20 da fensir, yana rubuta bayani a gefen takarda. Sai Lee ya sa wa mutanen magana a baki, mai haruffa ya rubuta, mai tawada ya bi, a ƙarshe a shafa launi. Wanda ya yanke abin da zai faru a kowane shafi, ai shi ya yi labarin, wato Jack Kirby mai zanen Fantastic Four da Steve Ditko mai zanen Spider-Man.

Binta: Malam, ka rage wa magana daraja. Akwai takarda shafi 2 da Lee ya buga da tafireta ta tsarin Fantastic Four na farko. Sannan ƙorafin The Thing na cikin Fantastic Four, da zullumin Peter Parker, wato Spider-Man, kan rashin kuɗi da ciwon gwaggonsa May, duk lafazin Lee ne. Da Kirby ya koma kamfanin DC, abokin hamayyar Marvel, a 1970 yana rubuta zancensa da kansa, mujallarsa New Gods fitowa 11 ta yi aka tsayar da ita.

Baban Khalifa: Hajiya, takardar nan ba ta nuna ko kafin su zauna da Kirby aka buga ta ko bayan sun tashi ba. Tun 1957 Kirby ya zana wa DC Challengers of the Unknown: mutum huɗu sun tsira daga hatsarin jirgin sama suka zama ƙungiya, kusan irin labarin Fantastic Four. Jarumin nan Silver Surfer kuwa, a fitowa ta 48 ta Fantastic Four a 1966, Lee da bakinsa ya ce sai ganinsa ya yi a shafukan Kirby.

Binta: To wa ya ba shi wannan murya ta mai makoki?

Malam Sani: Murya daban, ƙirƙira daban. Illar tsarin tana wajen biya: mai zane kuɗin shafi yake karɓa, tsara labarin da ya yi ya tafi a banza, shafin farko kuma ya ce Lee ne marubuci. Ditko sai a fitowa ta 25 aka fara rubuta cewa shi ke tsara labarin Spider-Man, alhali ba sa ma magana da Lee. Bayan ta 38 ya kama gabansa.

Baban Khalifa: Amma Malam, a yi adalci, Lee ma ma'aikaci ne. A lokacin kamfanin na Martin Goodman ne, jaruman kuma mallakar kamfani. Lee ma sai da ya maka Marvel a kotu a 2002 kan ribar finafinai. Kuma shi ya riƙa buga sunayen masu zane, har mai tawada da mai haruffa, a lokacin da ba kasafai ake yi ba.

Malam Sani: Suna ba ya cika tukunya. Kirby ya rasu a 1994 ba shi da kaso a ko ɗaya. Magadansa sai a 2014 Marvel ta sasanta da su, ana gab da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ko za ta saurari ƙarar.

Binta: Wannan laifin dokar aikin haya ne, wadda ke mallaka wa kamfani abin da ya biya aka yi masa, ba hujja ba ce kan wanda ya ƙirƙira. A kawo shafukan fensir na Kirby a jera su da abin da aka buga, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.