Neman kalma: me za mu kira "miniature" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu raɗa wa wani abu suna. Ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wasu mitsi-mitsin mayaƙa na wasa da ya kwana uku yana yi wa fenti, ya ce, "Baffa, me ake ce wa miniature da Hausa?" Na rasa ta cewa.

Ga wanda bai san wasan ba, Warhammer ne. Kamfanin Games Workshop, mai hedikwata a Nottingham, shi ya fito da shi a 1983. Kowa da rundunarsa: barade, maharba, dodanni, har ƙwarangwal masu takobi. Tsayin mayaƙi ɗaya kusan milimita 28, ko babban yatsa bai kai ba. A da da dalma ake zuba su, yanzu galibi roba ce. Ana jera su a kan tebur, a auna tafiyarsu da tef kamar tela, a jefa dayis ya raba gardama. Ba sa zuwa da launi, kai za ka harhaɗa, kai za ka yi fenti. Tun 1987 ma ake gasar fentin, wadda ake kira Golden Demon.

Da na kai tambayar gaban jama'a, wata 'yar'uwa ta ce 'yar tsana. Hajiya, a yi haƙuri, ba ta zauna ba. 'Yar tsana goya ta ake yi, a yi mata kitso. Wa zai tura ta fagen fama?

Wani ya ce gunki. Wannan kam a bar shi inda yake. Ka ce wa dattijo ɗansa yana tara gumaka a ɗaki, ka ga yadda hira za ta ƙare.

Mutum-mutumi ne ya fi samun magoya baya, kuma ba laifi, don siffar mutum ce. Amma kalmar ta riga ta ɗauki kaya ya yi mata yawa: ita ce ta gona mai korar tsuntsaye, ita ce ta shataletale, yanzu kuma an ɗora mata na'urar da ke aiki kamar mutum. Ba ta nuna ƙanƙanta, ba ta nuna wasa. Doki da keken yaƙi kuma fa, su ma mutum-mutumi ne?

Sai wani malami ya tuna mana da dara. Ya ce tsinke ko tsakuwar da ake turawa daga gurbi zuwa gurbi ai 'ya'yan dara muke ce musu, ba mu damu da me aka yi su ba, aikinsu muka duba. Allah ya ƙara sani, Malam, nan ka buɗe hanya. Waɗannan ma 'ya'yan wasa ne, sai dai su daga suke ja. To me zai hana mu ce 'ya'yan daga, tilo ɗan daga? Harafi ɗaya ya raba su da 'ya'yan dara, kunne ba zai yi baƙunta ba, kuma ta ɗauki mutum da doki da dodo baki ɗaya.

Da muka samu wannan, sai ta jawo 'yar'uwarta. Duwatsu da kufai da dazuzzukan da ake sassaƙawa da soso mai tauri, a shafa gam, a barbaɗa yashi, filin daga ke nan. Babu wanda ya ja.

Inda muka ɗan daɗe shi ne tsinkakken fentin nan mai duhu da ake kwararawa ya kwanta a lungunan sulke da tsakanin yatsu. Turawa "wash" suke cewa, amma wanki fitar da dauɗa yake yi, wannan kuwa sa duhu yake yi. Ni na ce kwalli, tunda aikinsu ɗaya: layin baƙi ya fito da abin da ke kusa da shi. Hajiyar 'yar tsana ta ce wannan karon ta yarda.

Na aika wa yaron. Ya amsa cewa saura 'ya'yan daga goma sha biyu bai sa wa kwalli ba.