Na ɗora wa Civic Si turbo, ta yaya zan saita kwamfutar injin?

Mai_K20:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Civic Si ƙirar 2008, injin K20Z3. Na ɗora mata turbo, na canza salansa, na cire nozul na asali masu 310cc na sa manya. Kwamfutar injin kuwa tana nan yadda kamfani ya saita ta. Motar na tashi, amma sulo ɗinta na rawa, salansa kuma sai warin ɗanyen fetur, har tsoron taka totur nake yi. Shawara uku aka ba ni: a sake rubuta saitin kwamfutar asali, ko a laƙa mata ƙaramar na'urar nan ta piggyback, ko a cire kwamfutar ɗungurungum a sa wata sabuwa ta kamfanin Haltech. Da ita nake zuwa aiki kullum, ba tsere nake da ita ba. Wacce za ku zaɓa min?

Baban_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye motar nan tukuna. Kwamfutar na buɗe nozul ne da lissafin 310cc, shi ya sa mai ya yi mata yawa.

Piggyback ka fitar da ita daga lissafi. Aikinta shi ne ta tsaya tsakanin sensa da kwamfuta tana yi mata ƙarya kan yawan iskar da ke shiga. In kana tafiya a hankali, kwamfutar za ta duba sensar salansa ta mayar da haɗin iska da mai zuwa 14.7 kan 1, ta goge gyaran da aka yi. Abin da ya fi damuna shi ne, idan ka ce mata iska kaɗan ce, taimin ɗin wuta ma sai ta matso da shi gaba. Injinka matsinsa 11.0 kan 1 ne, ga turbo na ƙara tura iska. Haka fistan ke fashewa.

Ni Hondata FlashPro zan sa, na'urar da ke sake rubuta saitin kwamfutar asali. An yi ta don Si na 2006 zuwa 2011, ta soket ɗin OBD take shiga, wato inda ake jona na'urar duba matsalar mota, ba ka yanka waya ko ɗaya. Esi, mitoci, makullin tsaro, totur ɗin lantarki, duk suna nan suna aiki.

TsereKawai:
Tawa motar Link ce a kanta, kwamfutar da ke maye gurbin ta asali kamar Haltech, kuma ina jin daɗinta, amma motar filin tsere ce. Wayarin kaɗai aiki ne babba, sannan tashin inji da sanyin safiya sai an zauna an saita shi daga tushe. Ga wanda zai je ofis, maganar Baba ita ce daidai. Ka dai duba fanfon mai, kuma in za ka ɗaga matsin turbo sosai sai ka sa sensar MAP mai 4 bar, wato mai auna matsin iskar da ke shiga inji, don ta asali tana da iyaka.

Mai_K20:
Na gode ƙwarai. To Baba, na ga ana saka saitin da aka riga aka gama a intanet. In na sauke wanda ya yi daidai da nozul ɗina ba zai wadatar ba?

Baban_Injiniya:
Zai tayar maka da mota ka lallaɓa da ita har wajen mai saiti, iyakarsa ke nan. An yi shi ne kan turbon wani da fetur ɗin wani. Ka sa sensar wideband mai auna haɗin iska da mai, a hau da motar kan daino, na'urar gwada ƙarfin inji, a ga haɗin yana tsakanin 11.5 da 12 kan 1 lokacin da turbo ya cika. Ka je da fetur ɗin da kake sha kullum a tanki, kada ka zuba mai oktan sama don ranar kawai. Kafin ka ba mutum makulli, ka tambaye shi injin K nawa ya saita da turbo, ka ce ya nuna maka bayanan ƙwanƙwasar injin, wato fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, bayan kowane gwaji.