Dan Allah masu girki ku taimaka, fizar garin almon ɗina marmashewa take yi

Maman Nana:
Slm ƴan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman waɗanda suka san kan garin almon. Yarinyata ce likita ya tabbatar tana da siliyak, cikinta baya ɗaukar gulutin, an ce ta bar alkama kwata-kwata, ba burodi ba taliya ba Indomie ba cincin ba fanke. Sauran abinci mun samu mafita tunda tuwon shinkafa da na masara da waina basa mata komai, fiza ce matsalar, duk ranar da yayyenta suka ci sai an sha kuka a gidan nan. Ƙanwata ta zo min da garin almon daga Umara na kwaɓa shi yadda nake kwaɓa fulawa, ruwan ɗumi da yis da sukari kaɗan da mai, na rufe na ajiye a rana, ko motsi bai yi ba. Wajen murzawa ya manne a katako, da na gasa gefe ya ƙone tsakiya kuma ɗanye, ina ɗagawa ya marmashe sai da cokali aka ci. Garin ga tsada wlh bana so in ƙarar da shi a gwaji. Me ake sawa ya kama jikinsa? Kuma yis ɗin ne ya mutu ko dama haka abin yake?

Hajiya Mai Kek:
Wslm Maman Nana, Allah ya ba ta lafiya. Yis ɗinki lafiyarsa ƙalau, aikin ne babu inda zai yi shi. Gulutin ɗin da aka hana ta shi ne danƙon alkama, shi ke sa kwaɓi ya miƙe in kin ja shi, shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓin ya kumbura. Almon kuwa ƙwaya ce aka niƙa, kusan rabinta mai ne, babu danƙo ko kaɗan, to ko kwana zai yi a rana ba zai tashi ba, kuma man nan shi ya sa gefen yake saurin ƙonewa. Ki cire ruwan ɗumi da yis daga lissafi gaba ɗaya.

Dole ki kawo masa abin da zai ɗaure shi daga waje, kamar dai yadda ake sa kuka a ɗanwake don kar ya watse a tukunya. Ni yadda nake yi wa kwastomomina:

garin almon giram 200, wajen kofi biyu kenan
sitacin rogo na ci cokali 4 babba
ƙwai 2
man zaitun cokali 1 babba
garin siliyom cokali 1 babba
bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali

Siliyom ɗin in kin je kantin ƴan Indiya ki ce isabgol, shi suka sani, da ya ji danshi yake yin yauƙi ya kama garin. Sitacin kuma dan Allah na abinci wanda aka rubuta tapioca, ba na guga ba, ba kuma garin kwaki ba. Shi ke ba shi ɗan taunar nan ta fiza, in babu shi abin sai ya fi kama da biskit.

Ki haɗa busassun ki juya, ki fasa ƙwai ki zuba mai, ki cuɗa da cokali har ya dunƙule, ba a murza shi da ƙarfi irin na burodi, babu amfanin da zai yi sai ma mai ya fara tsatsafowa. In ya yi tauri ki ɗiga ruwa cokali ɗaya. Ki bar shi ya huta minti 10 zuwa 15. Sai ki sa shi tsakanin takardar gashi guda biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ki murza ta saman takardar, kaurin kar ya wuce rabin santimita. Ki yaye ta saman a hankali ki ja ta ƙasan da kwaɓin a kai ki ɗora a tire, kar ki yi gigin ɗaga shi da hannu. Ki soka masa cokali mai yatsu ko'ina.

Abin da mutane ke tsallakewa su zo suna kuka shi ne gashin farko. Shi kaɗai za ki fara gasawa babu komai a kai, wuta digiri 180 na Selsiyas minti 12 zuwa 15, har ki ga bakinsa ya yi ruwan zuma kuma in kin taɓa tsakiyar ya bushe. Bayan nan ne za ki shafa tumatir ki zuba cis, wato cuku, ki mayar minti 7 ko 8. Kuma tumatir ɗin ki soya shi ya ƙone ruwansa tas, cokali uku ya isa, ba miyar shinkafa kike zubawa ba. In ya fito ki ba shi minti 5 kafin ki yanka, da zafinsa yana da laushi, sai ya ɗan huce yake kama jiki.

Abban Sultan:
Hajiya ta gama magana amma ni gsky in yaro ne zai ci na fi ba da shawarar wanda ƴan keto, masu guje wa abinci mai sitaci da sukari, ke ce wa Fathead, shi cis ɗin kansa shi ne danƙon. Mozarela gogagge giram 170, kirim cis cokali 2, a narka su tare a maikrowef kamar minti ɗaya ko a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi ana juyawa, in ya narke a zuba garin almon giram 85 da ƙwai ɗaya a cuɗa da sauri tun da ɗuminsa, in ya huce zai yi gudaji ya ƙi haɗuwa sai an sake ɗumamawa, amma kuma kar a fasa ƙwan yana tururi sai ya dahu a ciki. A murza tsakanin takarda yadda Hajiya ta ce a gasa a 200 kamar minti 10, a juya ɗaya gefen sannan a yi masa ado. Wannan ana ɗaukar yanka a hannu har a lanƙwasa shi bai karye ba, kuma ga shi bai cin garin da yawa. Matsalarsa ɗaya nauyi, yanka biyu ka ƙoshi har kasala.

Uwargida Zazzau:
Ni fa tambaya gare ni, dole sai almon? Masu keto da masu ciwon suga su ne ke bin sa saboda bai da sitaci da yawa, ita kuwa yarinyar nan alkama kawai aka hana ta ba sitaci ba. Abin da kusan kashi 80 cikin 100 nasa a Kalifoniya ta Amurka ake noma shi, a dala ake sayo shi, ai dole ki ji a jikinki, in wannan ledar ta ƙare wa zai sake zuwa Umara ya kawo? Mu da Allah ya hore wa shinkafa da gero da dawa da acca duk babu gulutin a ciki. Ni sinasir nake yi mai ɗan faɗi, in rage sukarin ƙullun, in ya soyu in shafa tumatir in zuba nama da cis in rufe kasko ya narke, yara basa bari ko ɓurɓushi. Akwai kuma garin aya, ana iya raba shi rabi da rabi da almon ɗin ya ƙara auki, sai dai yana da ɗan zaƙi da ɗan tsaki-tsaki a baki, a tankaɗe shi sosai.

Hajiya Mai Kek:
Uwargida sinasir da cis ai sinasir ne da cis, kar ki sa yarinya ta yi mana bore lol. Amma batun tsada gaskiyarki ne. Gargaɗi ɗaya, kar wani ya ce garin kwakwa ya fi araha a musanya kofi da kofi, shan ruwa gare shi kamar me, kwatan abin da za ki sa na almon ake sawa kuma sai an ƙara ƙwai.

Sista Bilki:
Maman Nana ni ba ta girkin zan yi ba, ta lafiyar zan yi tunda siliyak kika ce. Ba irin wanda mutum ke cewa burodi na kumbura min ciki ba ne, garkuwar jiki ce ke afka wa ƙaramin hanji duk sanda gulutin ya shiga, kuma ɗan kaɗan ma ya isa, shi ya sa ƙa'idar da ake bi kafin a rubuta babu gulutin a jikin kaya ita ce ƙasa da kashi 20 cikin miliyan. To ki lura da inda ba a zato. Injin niƙa na unguwa shi ne na farko, yanzu aka niƙa wa wata alkamar funkaso ko alkaki sai a zuba shinkafarki a kai, don haka shawarar Uwargida tana da kyau amma ki niƙa a blandarki ta gida. Rariya da katakon murji da muciya ki ware mata nata, katako yana riƙe fulawa a tsaginsa ko an wanke. Tiren gashi ki shimfiɗa takarda sabuwa. Sosej da yawa da garin alkama ake haɗa su, haka wasu dunƙulen girki da wasu bekin foda, ki dinga karanta bayan leda, ita ma ledar almon ɗin ki duba. Banda alkama akwai sha'ir da rye, wani hatsi dangin alkama, kuma abin shan malt daga sha'ir ake yin sa, a kiyaye. In bata taɓa cin almon ba a fara da kaɗan a gani, wasu yaran jikinsu baya karɓarsa. Sannan siliyak ɗin yana bin jini, ki yi wa likitanta maganar gwada yayyen, kuma kar ki hana su alkama kafin gwajin, in an daina ci sakamakon jinin yana iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne.

Maman Nana:
Kai amma na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Sista wlh maganar injin nan ta tsorata ni, can nake kai markaɗen waina, daga yau an daina. Hajiya ɗaya ta rage, oben ɗina na gas ne marar lamba, babba da ƙarama kawai gare shi kuma ta ƙasa yake ci, ya zan gane 180 ɗin? Kuma in garin ya ƙare zan iya niƙa ƙwayar da kaina?

Hajiya Mai Kek:
Ki kunna shi minti 10 kafin ki sa, wuta tsaka-tsaki, tiren a layin tsakiya ko sama da shi, ki sa wani tiren wofi a layin ƙasa ya tare zafin. Daga minti 8 ki fara leƙawa, kuma ki bi hancinki, da kin ji ƙamshi irin na ƙwaya mai soyuwa to ya kusa, tsakanin nan da ƙonewa ba nisa. In kin samu ɗan agogon auna zafin oben ki saya ki huta. Ko a kasko nonstik ma yana yi, wuta can ƙasa a rufe, ki juya shi da faranti.

Niƙa kuma ana yi. Ki zuba ƙwayar a tafasasshen ruwa minti ɗaya ki tsame ki sa a ruwan sanyi, kina matsawa ɓawon zai suɓule, ki shanya ta bushe ƙayau, in da sauran danshi caɓewa zai yi. A ƙaramin kofin blanda na kayan yaji, kaɗan-kaɗan, ki kunna ki kashe ki kunna ki kashe ki tankaɗe ki mayar da tsakin, in kika bar shi yana ta gudu mai zai fito ya koma tunkuza. Wanda ke hannunki yanzu ma ki ɗaure bakin ledar ki sa a firij ko firiza, zafin nan namu yana sa man cikinsa ya yi ɗaci da wuri.