Iskar Taya da Gwajin Motar Lantarki: Abin da Masu Tuƙi Suka Ce

A wata tattaunawa tsakanin masu tuƙa motocin lantarki, shawarar da ta fi yawa ita ce kada mutum ya yanke wa mota hukunci a tuƙin gwaji sai ya fara auna iskar tayoyinta. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa ana cika tayoyi fiye da kima kafin a yi jigilar sababbin motoci, kuma idan dillali bai rage ba, direba zai ji kowane rami da gargada a ƙugunsa, har ya ɗauka laifin motar ne.

Sun jaddada cewa adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Saboda nauyin batir, adadin yakan yi sama, misali motar Tesla Model 3 tana buƙatar psi 42 (psi ma'aunin matsin iska ne). A riƙa aunawa da safe kafin tayar ta ɗumama, domin zafin kwalta yana ƙara matsin iska. Ƙarancin iska kuma yana cinye caji da wuri.

Game da tuƙin kansa, sun ce a ɗaga ƙafa daga totur a ji yadda motar ke rage gudu tana mayar da wuta cikin batir, abin da ke ba sabon direba mamaki. A kuma kashe rediyo, tunda babu ƙarar inji, ƙarar taya ce za ta cika kunne.