Neman kalma: yaya za a ce smoot a rediyo?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka. Ranar Alhamis da safe za a ɗauki shirin kimiyya na yara a nan Katsina, kan ma'aunan da aka ƙirƙira don wasa. Babban misalin shi ne smoot. A watan Oktoba na 1958 ɗaliban jami'ar MIT a Amurka suka auna gadar Harvard da ke Boston da jikin ɗan'uwansu Oliver Smoot: ya kwanta, a yi alama, ya tashi, ya sake kwanciya. Aka samu tsayinsa sau 364.4 da kunne guda, kowane tsayi smoot ɗaya. Abu uku nake nema: sunan shi ma'aunin, sunan ire-irensa baki ɗaya, da abin da za a ce idan ana mayar da shi mita.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce sumut, kuma kada a yi masa jam'i: sumut goma, kamar mita goma. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 7, wato inci 67, ko mita 1.7018. Ki ninka da 364.4, gadar ta kama mita 620 da ɗan ɗoriya. Inda ake tuntuɓe shi ne mai karatu ya ce ƙafa 5.7. Ƙafa inci 12 ce, ba 10 ba. Wanda ya bi 5.7 zai fito da mita 633, ya ƙara wa gadar mita 13.

Ɗan Kusugu: Allah shi gafarta Malam, lissafi ya yi, amma sumut ba Hausa ba ce. Dubi tsarinmu: an kama, kamu. An buɗe hannuwa gaba ɗaya, gaba, da ita ake auna igiyar rijiya. Shi kuwa kwanciya ya yi. Kwanci ɗaya, kwanci biyu. Yaro na ji ya ga abin da idonsa.

Baba Tela: Ɗana, kwanci na kaza ne. Ka ce gada ta yi kwanci 364 a rediyo, yara ƙwai za su tambaya. Kuma ka haɗa abin da bai haɗu ba. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsan tsakiya, kowa da nasa, shi ya sa mai saye ke son dogo ya kama masa. Sai da aka zo ga yadi muke ɗaukarsa inci 18, rabin yadi. Wannan kuwa tsayin mutum guda ne, an tsayar da shi. Da kamun inci 18, ya kama kamu uku da kusan kashi uku cikin huɗu. Da gaba mai ƙafa 6, saura inci 5 ya cika.

Ɗan Kusugu: To Baba, a ce miƙe, ko tsayi. Ni dai abin da ke ci mini rai, duk kalmar da ta zo sai mu sa mata wasali mu ce an gama. Daura da ta haifi Hausa bakwai ba ta rasa kalmar mutum a kwance ba.

Malamar Hausa: Yaya, ba wanda ya taɓa martabar Daura. Amma sunan mutum ne, kuma ba a fassara suna. Wat da bolt da ke jikin ƙwan lantarki sunayen James Watt ne da Alessandro Volta, ba wanda ya sake musu suna. Ga kuma abin da ya sa sunan ya zama dole: shi wannan Smoot daga baya ya shugabanci ISO, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya. Ka ce kwanci, ka yanke wannan daga labarin.

Ɗan Kusugu: Hausar littafi ke nan, wadda aka ɗora kan bakin Kano, aka ce mu bi.

Malamar Hausa: Inci, yadi, mil, awa, minti, duk aro ne, kuma da su ake ciniki a kasuwar Daura.

Malamin Lissafi: Mu koma kan aikin Malama, Alhamis ta kusa. Sunan jinsin: ma'aunin raha. Ban so barkwanci ba, don zai sa a ɗauka lissafin ma wasa ne, alhali daidai yake. Ƙarƙashinsa za ki iya sa wanda ke auna gudu da falon (furlong, ma'aunin nisa na Turawa) a mako biyu. Falon yadi 220 ne, mita 201.168. Raba shi da minti 20,160 na kwana 14, ya zo kusan santimita ɗaya a minti.

Baba Tela: Na mayarwa kuma ki ce canji. Kowa ya san canjin kuɗi.

Malamar Hausa: Nan ban yarda ba, Baba. Canjin kuɗi yana hawa yana sauka, wannan kuwa ba ya motsi. Juyi ya fi: a juya sumut zuwa mita.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na ɗauki sumut da ma'aunin raha. Na ukun zan tsaya kan fi'ili, a mayar da shi mita, har ku daidaita tsakanin canji da juyi.

Ɗan Kusugu: Ban gamsu ba, Malama, amma shirinki ne. Ko sau ɗaya dai a ce sumut, wato kwanciyar mutum guda, don yaran su san daga inda abin ya fito.

Mai Fassara: Wannan zai shiga, a jimlar farko.